Da ruwan ciki ake jan na rijiya: gajiyar ma'aikatan agaji a Arewa Mai Nisa

A wani watan Afrilu, lokacin da zafin jihar Arewa Mai Nisa ta Kamaru yake haura ma'auni 40 tun kafin azahar, muna rabon kayan agaji a wani matsugunin 'yan gudun hijira kusa da Mora, sai na ji wata abokiyar aikina ta daka wa wata tsohuwa tsawa. Laifin tsohuwar shi ne ta dawo teburin rajista karo na uku tana tambayar dalilin da ya sa sunanta bai fito a takarda ba. Na san wannan yarinya tun ranar da aka ɗauke ta aiki, kuma a shekararta ta farko ita ce mai durƙusawa ta gaida tsofaffi kafin ta buɗe littafi, ita ce mai ajiye ruwa a jaka saboda yaran da ke cikin layi. Tsohuwar ta dube ta, ta ce, "Allah ya huci zuciyarki, 'yata," ta juya ta tafi. Da yamma muna cikin mota a hanyar komawa Marwa, abokiyar aikin nan ta ce da ni a hankali, "Yaya, abin da ya ba ni tsoro shi ne ban ji komai ba. Ban ji kunya ba, ban ji tausayi ba, so nake kawai layin ya ƙare." Bayan wata huɗu ta ajiye aikin, aka ce ta raina albashi.

Na yi shekaru a cikin wannan aiki tsakanin Marwa da Mokolo da Kuseri, kuma na ga irin wannan sau da yawa, har a kaina. Ra'ayina shi ne wannan gajiya tsarin aikin ne yake haifar da ita, kuma muddin muka ci gaba da ɗora ta a kan halin mutum ɗaya ɗaya, muna cewa wane ba shi da juriya, wance ba ta da haƙuri, to za mu ci gaba da ƙarar da mutanen kirki muna maye gurbinsu da wasu da za mu ƙarar.

Abin yana da suna a wajen masana, da Turanci suna kiransa "burnout". A shekarar 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya shi a cikin kundinta na rarraba cututtuka, amma ta bayyana shi a matsayin lamarin da ya shafi sana'a, wanda ke tasowa daga matsin wurin aiki da ya daɗe ba a magance shi ba. Ta ambaci alamomi uku: ƙarewar ƙarfi, nisantar aikin a zuci har mutum ya fara jin haushinsa, da raguwar iya aikin kansa. Abin lura kuma shi ne ɗaya daga cikin waɗanda suka fara rubutu a kan lamarin, a 1974, wani masanin halayyar ɗan Adam mai suna Herbert Freudenberger, a wani asibitin kyauta na birnin New York ya gano shi, a jikin masu aikin sa kai da kuma jikinsa. Wato tun asali a gidan masu taimako aka fara gane wannan ciwo. Kalmar da Turawa suka ba shi tana nufin ƙonewa ƙurmus, kamar fitilar da mai ya ƙare mata ta koma cin lagwani. Mu kuwa da Hausa abin da ya fi kusa da alama ta biyun nan shi ne ƙeƙashewar zuciya, kuma ita ce ta fi haɗari, domin mai gajiyar jiki ya san ya gaji, amma wanda zuciyarsa ta ƙeƙashe yana iya yin shekara yana zaton ƙwarewa ce ya yi.

Dole a tuna tsawon lokacin da wannan yanki ya ɗauka a cikin halin gaggawa. An buɗe sansanin Minawawo a 2013 domin 'yan Najeriya da suka tsere wa Boko Haram, kuma yau yana ɗauke da mutane fiye da 70,000. Daga 2014 hare-hare suka shigo Kolofata da Amcide da Fotokol, a Yulin 2015 bama-bamai suka tashi a cikin Marwa kanta. A 2021 rikicin Larabawan Shuwa da Musgum ya ɓarke a Logon-Birni, dubun-dubatar mutane suka tsallaka kogi zuwa Cadi. Ambaliya ta zo a 2022, ta sake zuwa da ƙarfi a 2024 ta cinye gidaje da gonaki a Yagwa da sassan Logon da Shari. An tsara aikin gaggawa ne domin mutum ya yi gudu na wata uku ko shida sannan ya numfasa, amma a nan akwai direbobi da ma'aikatan jinya da masu rajista da suka haura shekara goma suna wannan gudu, kuma duk lokacin da wata masifa ta lafa sai wata ta taso kafin a rufe rahoton ta baya.

Wanda bai taɓa fita "teren" ba, kamar yadda muke kiran zuwa ƙauyuka, yana ganin farar mota da sanyin na'ura ne kawai. Ana tashi bayan asuba, a bi hanyar Mora zuwa Waza zuwa Dabanga wadda ramukanta suka kashe motoci ba adadi, a yini a rana ana ƙirga mutane da buhuna, a yi sauri a bar wurin kafin la'asar saboda dokar tsaro. Idan an dawo, aiki na biyu yake farawa, wato shigar da sunaye a kwamfuta da rubuta rahoto da Faransanci, wani lokaci da Turanci, kuma kowane mai ba da kuɗi da irin takardarsa da ranar da yake so a miƙa masa. Saƙon WhatsApp na shugaba yana shigowa ƙarfe goma sha ɗaya na dare, kuma kowa ya san ana ganin alamar cewa ka karanta.

Akwai wani nauyi da ban taɓa ganin an rubuta shi a takardar aikin kowa ba, shi ne nauyin tafinta. Yawancin ma'aikatanmu na gida an ɗauke su ne saboda suna jin Fulatanci da Hausa da Barbarci ko Mafa ko Mandara ko Larabcin Shuwa, don haka duk labarin da za a ji daga bakin wanda abin ya shafa ta bakinsu yake bi. Mace za ta zauna ta faɗi yadda aka yanka mijinta a gabanta, ko abin da aka yi wa 'yarta a daji, tafinta ya saurara, ya riƙe maganar a kansa, sannan ya maimaita ta da Faransanci yana cewa "mijina", yana cewa "'yata", domin haka ƙa'idar fassara take. Ya ji labarin sau ɗaya da harshen da ya sha a nono, ya faɗe shi da bakinsa, da dare kuma ya rubuta shi. A yini ɗaya yana iya yin haka sau takwas. Jami'in da ya zo daga Yawunde ko daga waje fassara ya ji, wadda an riga an tace mata zafi, shi kuwa tafinta sau da yawa ya san ƙauyen da ake magana a kai, wataƙila ma a can kakarsa take. Na san wani da ya daina cin nama tsawon watanni bayan irin wannan aiki, bai kuma gaya wa kowa dalili ba sai da muka yi shekara biyu tare.

Me ya sa ba sa magana? Amsar tana cikin takardar kwantiragi. Dokar ƙwadago ta Kamaru ta 1992 ta ƙayyade awa 40 a mako ga aikin da ba na gona ba, ta ba ma'aikaci hutun kwana ɗaya da rabi a kan kowane watan aiki, ta kuma ce kwantiragi mai wa'adi ba ya wuce shekara biyu kuma sau ɗaya ake sabunta shi, idan aiki ya ci gaba bayan haka ya zama na dindindin. Abin da na gani a aikace shi ne kwantiragin wata uku ko wata shida, da ɗan tsaiko a tsakani domin kada lissafi ya haɗu, ko kuma a canza wa mutum suna a kira shi mai ba da shawara ko ɗan sa kai alhali aikinsa bai canza ba. Mutumin da bai san ko yana da aiki bayan Sallah ba, ba zai je ya ce wa shugabansa ya gaji ba. Ba zai nemi hutunsa ba ma, domin yana tsoron a gane cewa aikin yana tafiya ba tare da shi ba. Idan ya yi ƙorafi, amsar a shirye take: kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kuma ga ɗaruruwan waɗanda suka gama Jami'ar Marwa suna jiran kujerarsa.

Ba na cewa shugabannin ƙungiyoyi mugaye ne. Yawancinsu su ma a matse suke, saboda yadda kuɗin yake saukowa. Gwamnatin wata ƙasa ta ba hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya, ita ta ba babbar ƙungiya ta ƙasa da ƙasa, ita kuma ta ba ƙaramar ƙungiya ta gida, wadda za ta nemi matasan ƙauye su yi aikin a kan ɗan abin da ake kira kuɗin ƙarfafa gwiwa. Masu ba da kuɗi suna son ganin kuɗinsu a jikin buhu da rijiyar burtsatse da tanti, abin da za a ɗauki hoto, kuma suna ƙayyade kuɗin gudanarwa. Tarayyar Turai, alal misali, kashi 7 cikin ɗari take yarda da shi a wannan fanni, kuma kafin ya iso ƙungiyar da ke Mokolo sau da yawa ya ƙare a sama. A taron jinƙai na duniya da aka yi a Istanbul a 2016 an yi alkawarin cewa kafin 2020 kashi 25 cikin ɗari na kuɗin agaji zai riƙa zuwa ga ƙungiyoyin gida kai tsaye gwargwadon iko, amma wa'adin ya zo ya wuce ba a cika ba. To shugaban ƙungiyar gida da yake son ya ci gasar samun aiki me zai yi? Sai ya yi alkawarin ƙauye arba'in da ma'aikatan da suka isa ƙauye ashirin, gibin kuma a cike shi da daren ma'aikata da ranakun Asabar da Lahadinsu.

Sai batun da ba a son a taɓo a taro, wato bambancin baƙo da ɗan gida. Ma'aikacin da ya zo daga waje yana da hutun da ake fitar da shi daga yankin duk bayan 'yan makonni, yana da inshora, yana da lambar likitan da zai kira idan barci ya ƙaurace masa, idan tsaro ya taɓarɓare kuma jirgi zai ɗauke shi. Ban ƙi masa ko ɗaya ba, domin yana bukata, kuma samuwar wannan tsari ita ce shaidar cewa ƙungiyoyin sun san aikin yana cin mutum. Tambayata ita ce me ya sa sanin ya tsaya a kan mai fasfo na waje. Hujjar da ake bayarwa ita ce ɗan gida yana gida. Amma gidan nasa a cikin masifar yake. Yana tashi daga sansani ya koma ya tarar da 'yan uwansa goma sha biyu da suka gudo daga kan iyaka suna kwana a zaurensa. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce an kashe ma'aikatan agaji 383 a duniya a 2024, kuma mafi yawansu 'yan ƙasar da suke aiki a ciki ne. A 2015 wata kotu a Oslo ta yanke hukunci cewa wata babbar ƙungiya ta yi mummunan sakaci game da ma'aikacinta ɗan Kanada da aka sace a sansanin Dadaab na Kenya a 2012, ta sa a biya shi diyya, kuma hukuncin ya sa ƙungiyoyi da yawa sun sake duba nauyin da ke kansu. Direban da ya yi shekara takwas yana bin hanyar da ake binne nakiya, wace kotu zai je, da wane lauya?

Mu ma al'umma muna da namu kason. Ranar da aka ji ka shiga ONG, wato ƙungiyar agaji mai zaman kanta, an gama yanke hukunci cewa ka yi kuɗi. Kuɗin asibitin kawu, kayan ɗakin ƙanwa, ragon sunan ɗan maƙwabci, duk a wuyanka, kuma ba wanda ya san kwantiraginka saura mako biyar. Ga mace abin ya ninka, domin bayan ta dawo daga Kolofata da ƙura har gira tukunya tana jiranta, ga maganganun unguwa a kan matar da take kwana a wani gari tare da maza abokan aiki. Idan mutum ya buɗe baki ya ce ƙirjinsa yana masa nauyi, ba ya barci, yana jin tsoron ƙarar waya, sai a ce ya yawaita addu'a, ko a fara raɗe-raɗin sammu ko taɓin hankali. Saboda haka sai ya kira abin da sunan da ba a jin kunyarsa, ya ce zazzaɓi ne ko gyambon ciki ko hawan jini. Wasu kuma, kuma na gani da idona, sun koma ga tiramol domin su iya tsayuwa a rana.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne yadda ake amfani da maganar lada wajen rufe bakin mutane. Ana cewa aikin Allah ne, ka yi haƙuri, ladanka yana gaba. Na yarda aikin lada ne, kuma da yawa daga cikinmu abin da ya kawo mu ke nan. Amma addinin da ake jingina da shi bai ce a bar mai aikin taimako ya lalace ba. A aya ta 60 ta Suratut Tauba, inda aka lissafa waɗanda ake ba zakka, masu aikin tattara ta da raba ta suna cikin jerin, bayan faƙirai da miskinai, wato an ware wa ma'aikaci haƙƙinsa daga cikin dukiyar talakawa kanta, ba a ɗauke shi a matsayin asara ba. Kuma malamai sun sha karantar da mu labarin Salmanul Farisi da ya tarar da ɗan'uwansa Abu Darda'i ya ƙuntata wa kansa da azumi da tsayuwar dare, ya gaya masa cewa ransa yana da haƙƙi a kansa, iyalinsa ma suna da haƙƙi, Manzon Allah (SAW) kuma ya gaskata Salmanu. Idan an hana mutum ƙarar da kansa a ibada, ban ga hujjar da za a ce ya ƙarar da kansa saboda ranar miƙa rahoto ba. Haƙuri na abin da ba a iya sauyawa ne, jadawalin aiki kuwa mutum ne ya zauna ya rubuta shi.

Za a ce mini, kuma an sha faɗa mini, cewa ina kukan mai albashi alhali waɗanda ke sansani sun rasa komai, malamin makarantar gwamnati ma bai kai mu albashi ba. Gaskiya ne, ba kuma ina gwada wahalar ma'aikaci da ta ɗan gudun hijira ba. Amma a kan wa gajiyar take sauka? Tsohuwar nan ta Mora, da muka bincika daga baya, sunanta ya ɓace ne saboda an tsallake layi ɗaya wajen shigar da sunaye, kuma an yi aikin ne da tsakar dare bayan yini guda a rana. Direban da bai yi barci ba da mutane yake tafe a mota. Ma'aikaciyar jinyar da zuciyarta ta ƙeƙashe ita ce za ta auna hannun yaro mai tamowa cikin sauri ta sallame shi. Duk lokacin da ƙwararre ya tafi kuma, yana tafiya da amanar da ya yi shekaru yana ginawa da lawanai da jauro da matan ƙauye, wanda ya zo bayansa sai ya fara daga gaisuwa.

Shekarar 2025 ta ƙara tsananta lamarin. A watan Janairu gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafinta na waje, a watan Maris ta sanar da soke kashi 83 cikin ɗari na shirye-shiryen hukumarta ta agajin ƙasashen waje, wato USAID, wasu ƙasashen Turai ma suka rage nasu. An sallami mutane da yawa, kuma an yi maganarsu, wanda ya dace. Waɗanda ba a yi maganarsu ba su ne waɗanda suka rage, domin yanzu mutum ɗaya yana riƙe da kujera uku, shi ne kuma ake turawa ya tsaya a gaban jama'a ya ce an rage rabon abinci ko an rufe ɗakin shan magani, hukuncin da aka yanke a wata nahiya amma fuskarsa za a tuna. Ba ya iya kuka, domin ana ce masa ya gode wa Allah da bai shiga cikin waɗanda aka kora ba.

Maganin da aka fi kawowa shi ne bitar yini ɗaya a otel a kan yadda mutum zai sarrafa damuwa, a koya masa jan numfashi, washegari ya koma kan tebur ɗaya da tarin aiki ɗaya. Ban raina likitan ƙwaƙwalwa ba, kuma ya kamata kowace ƙungiya ta samar da wanda ma'aikaci zai gani a asirce, da harshen da yake ji, musamman masu tafinta. Amma abin da na ga ya yi amfani da gaske ya fi wannan sauƙi. Na taɓa aiki a ƙarƙashin wata shugaba da ta hana aika saƙon aiki bayan sallar isha'i sai idan rai ne a ciki, ta sa dokar cewa duk wanda ya yi kwana uku a ƙauye yana da kwana ɗaya a gida, ita da kanta kuma take bin mutum ta ce, "Malam, hutunka ya taru, ranar Litinin kada in gan ka." A shekara biyun da na yi da ita mutum ɗaya ne ya bar mu, rahotanninmu kuma ba su makara ba. Sauran kuwa aikin hukuma ne: sufetocin ƙwadago su riƙa shiga ofisoshin ƙungiyoyi kamar yadda suke shiga kamfanoni, su duba kwantiragi, su duba ko ana zuba wa ma'aikata kuɗinsu a asusun CNPS, wato hukumar fansho da inshorar ma'aikata ta ƙasa, domin rubuta kalmar jinƙai a jikin allo bai fitar da kowa daga ƙarƙashin doka ba.

Mafi wuya shi ne abin da ke kan shugabannin ƙungiyoyinmu na gida a lokacin da suke rubuta takardar neman kuɗi. Yanzu da kuɗi ya ragu, jarabawar ita ce a riƙe adadin ƙauyuka yadda yake a rage ma'aikata, domin lambar ta yi kyau a idon mai bayarwa. Ina roƙonsu su rubuta adadin da ma'aikatansu za su iya kaiwa a cikin awannin da doka ta yarda, su sa direba na biyu da kuɗin hutu da inshorar 'yan sa kai na ƙauye a cikin kasafi a fili, idan an tambaya kuma su kare shi kamar yadda suke kare kuɗin man mota. Ƙungiya ɗaya idan ta yi haka ita kaɗai za ta rasa aikin, wata ta karɓe, shi ya sa maganar ta dace da tarurrukan haɗin gwiwa da ake yi a Marwa, inda ƙungiyoyi da hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya suke zama tebur ɗaya, a amince da mafi ƙarancin abin da ba wanda zai sauka ƙasa da shi a kan hutu da tsawon kwantiragi da awannin tuƙi, sannan a kai wa masu ba da kuɗi da murya ɗaya.